Wane Mataci Ya Dace da Tankin Kifi? Daga Murjanin Teku Zuwa Karfasar Zobe

Kwanakin baya wani malamin ilmin halittu da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a ƙasar Safana ya zo mini da tambaya. Ɗalibansa sun ga hoton bidiyo a wayar hannu na wani ɗan tankin gilashi mai ruwan gishiri, cike da murjani da ƙananan kifaye masu launi iri-iri, suka matsa masa lamba a kan lalle su ma a kafa irinsa a ɗakin gwaje-gwajensu. Abin da yake so ya sani shi ne, wane irin mataci zai saya? Da muka ɗan taɓa hira sai ya bayyana mini cewa ai sun taɓa gwadawa da kifin gida. Sun sami 'ya'yan karfasa ashirin daga wajen masunta a madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, suka zuba a tanki mai cin lita 60, suka yi ta ba su abinci. Kafin kwana goma ya cika, kifin nan duk sun mutu. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, har ranar da na ƙarshe ya mutu ruwan garau yake, ana hango ƙasan tankin.

Na ce masa kafin mu je teku, bari mu tsaya a kan karfasar nan, domin abin da ya kashe ta shi ne zai kashe murjanin, kuma cikin gaggawa.

Dafin da ido ba ya gani

Mu a nan mun saba auna kyawun ruwa da ido. In an ɗebo ruwan kududdufi ya yi jawur, sai a jefa masa alif ko dakakken ƙwallon zogale, laka ta kwanta, a tace da ƙyalle, a ce ya gyaru. Wannan dabara tana kawar da abin da ke yawo a cikin ruwa ne kawai. Abin da ya riga ya narke, kamar yadda gishiri ke narkewa, ba ƙyallen da zai tare shi.

Kifi yana cin abinci mai furotin. Idan jikinsa ya sarrafa furotin ɗin, sai a sami ragowar sinadarin naitirojin, wanda dole ya fita. Mu 'yan Adam hantarmu tana mayar da shi wani sinadari marar kaifi, mu fitar da shi ta fitsari. Kifi kuwa ba ya wahalar da kansa. Yana fitar da mafi yawansa kai tsaye a matsayin amoniya, ta gaɓoɓin numfashin nan da ke gefen kansa. A Zobe ko a madatsar Jibiya wannan ba komai ba ne, ruwa ya yi yawa. A tanki kuwa, kifi yana zaune ne a cikin abin da ya fitar.

Mu yi lissafi. Masu kiwon kifi sun daɗe da sanin cewa kilo ɗaya na abincin kifi na kasuwa yakan haifar da kimanin giram 30 na naitirojin a siffar amoniya. 'Ya'yan karfasa ashirin, in kowane ya kai giram 5, za su ci kamar giram 5 na abinci a yini. Ke nan miligiram 150 a kullum, a cikin lita 60, wato miligiram 2.5 a kowace lita. Gobe a ƙara wani a kai, jibi ma haka.

Sai dai amoniya a cikin ruwa siffa biyu gare ta: akwai mai sauƙin dafi, akwai kuma mai mugun dafi wadda ke ratsa fata ta shiga jini. Abin da ke raba musu gado shi ne zafin ruwa da kuma ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. A pH 7 da zafi digiri 25, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 5. In kuwa zafin ya kai digiri 30, kamar yadda ruwan tanki ke yi a ajin da aka rufa da kwano, sai ta wuce kashi 7. Abin da aka fi yarda da shi shi ne kada mai dafin ta zarce miligiram 0.05 a lita in ana son kifi ya zauna lafiya. Idan ruwan malaminmu ya kai pH 8, tun yinin farko ya ninka wannan haddi sau uku. Karfasa kifi ce mai juriya, shi ya sa ma ta kai kwana goma.

Mai karatu ya riƙe wannan: ruwan teku a kullum pH ɗinsa ya ɗan haura 8. Saboda haka amoniyar da kifin rafi zai iya daurewa, a tankin ruwan gishiri ajali ce.

Ma'aikatan ɓoye

To, me ke kawar da amoniya a rafi? Ƙwayoyin halitta ne da ba a gani sai da madubin likita. A shekarar 1890 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware waɗannan baktiriya, ya nuna cewa ba sukari suke ci ba, ba nama ba. Daga ƙona amoniya da iskar oksijin suke samun ƙarfinsu. Rukuni na farko yana mayar da amoniya wani sinadari mai suna naitirait. Rukuni na biyu kuma ya mayar da naitirait ya koma naitiret. Sunayen biyu sun yi kama, amma halinsu ya sha bamban. Naitirait yana shiga jinin kifi ya ɓata sinadarin da ke ɗaukar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa, ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali iska ta wadata. Naitiret kuwa da sauƙi, shi ne ma takin da tsirrai ke so.

Littattafanmu na makaranta sun ce Nitrosomonas ke aikin farko, Nitrobacter ke na biyu, kuma ɗalibin da ya rubuta haka a jarrabawa ya ci makinsa. Amma ilmi ya ci gaba, kuma abin sha'awa, a tankunan kifi aka yi wasu daga cikin manyan binciken. A 1998 aka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi wata baktiriya ce mai suna Nitrospira ta fi yin aiki na biyun. A 2005 aka ɗebi tsakuwa daga wani tankin ruwan gishiri a gidan nuna halittun ruwa na birnin Siyatil a Amurka, aka ware wata halitta mai cin amoniya wadda ba ma baktiriya ba ce, aka sa mata suna Nitrosopumilus maritimus. Danginta kuwa sun cika tekunan duniya. Sannan a 2015 aka gano cewa akwai wasu nau'o'in Nitrospira da ke yin aikin biyu su kaɗai, daga amoniya har naitiret, kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyi biyun da suka gano haka daga matacin wurin kiwon kifi ta samo nata a ƙasar Holan.

Waɗannan halittu suna da hali uku da mai zaɓen mataci zai sani. Ba sa son yawo a ruwa, sai sun sami abin maƙalewa. Suna shan oksijin da yawa, kusan giram 4.6 a kan kowane giram ɗaya na naitirojin da suka sarrafa. Ga su kuma da nawar haihuwa: wasu baktiriya kan rabu biyu cikin minti 20, waɗannan kuwa sukan kwashe sa'o'i masu yawa, wani lokaci yini guda. Dalili ke nan da ya sa sabon tanki ke bukatar mako huɗu zuwa shida kafin ya nuna. Malaminmu ya zuba kifi ran da ya zuba ruwa. Ko da ya sayi matacin da ya fi kowane tsada, da haka za ta faru, domin mataci sabo gida ne da ba kowa a ciki.

Ayyukan mataci dai uku ne. Akwai tare datti, wanda soso ko auduga ke yi. Akwai tsotse abin da ya narke, wanda ake yi da wani gawayi na musamman da aka gasa da tururi har ya yi ƙananan ramuka bila adadin. Gawayin girki ba ya kama ƙafarsa, kuma shi kansa na musamman ɗin launi da wari yake ɗaukewa, ba ya taɓuka wani abin kirki a kan amoniya. Sai na uku, wato samar wa baktiriya mazauni. Na ukun nan shi ne rai, sauran biyun taimako ne.

Abin da ya bambanta murjani

Da yawa daga cikinmu mun san murjani ne a wuyan mata. Asalinsa kuwa dabba ce, 'yar mitsitsiya, mai zama cikin jama'a, tana gina wa kanta gida da sinadarin farar ƙasa. Alhazan da suka taɓa zuwa bakin ruwa a Jidda sun tsaya dab da ɗaya daga cikin fitattun wuraren murjani na duniya, wato Bahar Maliya. A gaɓar Ostareliya kuwa akwai jerin da ya kai kilomita 2,300. Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin waɗannan, saboda lakar da Kwara da sauran koguna ke kwararowa tana dushe ruwan.

Murjanin da ke gina duwatsu yana ɗauke da wata irin gansakuka mai ƙwaya ɗaya a cikin jikinsa. Ita ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci ta ba shi, shi kuma ya ba ta mafaka. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya ginu ne a ruwan da taki ya yi ƙaranci ƙwarai. Nan ne gizo ke saƙar. Naitiret ɗin da muka ce ba ya damun karfasa, in ya taru a tankin murjani sai gansakuka mai gashi ta samu taki, ta lulluɓe murjanin, ta tare masa haske. Ke nan matacin da ya ƙware wajen mayar da amoniya naitiret, ya tsaya nan, rabin aiki ya yi.

Masu wannan sha'awa sun daɗe suna fama kafin su gane bakin zaren. Tun wajen 1960 wani mutum a Jakarta ta Indunusiya, Lee Chin Eng, ya nuna cewa in aka sa duwatsun da aka ɗebo daga teku da halittun da ke jikinsu, aka hura iska kawai, tanki yana rayuwa. Daga baya masu kiwo a Jamus suka kyautata tsarin, har ake kiransa tsarin Balin. Sirrin yana cikin dutsen. Tsohon gidan murjani ne, duk jikinsa ramuka. A bayansa, inda oksijin ya wadata, masu cin amoniya ke zaune. Can cikin ramukan kuma, inda oksijin ba ya isa, akwai wasu baktiriya da ke karɓar naitiret su mayar da shi iskar naitirojin, ta tashi ta bar ruwan. Dutsen da kansa shi ne mataci. Abin da yake bukata shi ne ƙaramin injin da zai riƙa kaɗa ruwa a kansa dare da rana.

Jamusawan sun haɗa da wata na'ura mai ban sha'awa. Ana hura ƙananan kumfa a cikin bututu, sai furotin da maiƙon da suka narke su manne a jikin kumfar, ta taso da su sama, su zube a wani kofi, baƙi ƙirin da wari. Wato an kama dattin tun bai zama amoniya ba. Wanda ya taɓa ganin kumfar da ke taruwa a bakin teku ya ga irin wannan aiki. A ruwan daɗi na'urar ba ta cika aiki ba, domin kumfa ba ta yin ƙanana ta daɗe kamar yadda take yi a ruwan gishiri.

To, ga ƙaramin tanki, a ce lita 40 zuwa 60, me za a zaɓa? A ganina, dutse mai rai da injin kaɗa ruwa su ne tilas. Sai a ƙara ɗan mataci mai ratayuwa a bayan tanki, da auduga a ciki, a riƙa sauya ta duk bayan kwana biyu ko uku, domin dattin da aka tare aka bari a cikin ruwa yana nan yana ruɓewa. Na'urar kumfa tana da amfani, amma a tanki ƙarami ana iya yi ba ita, muddin za a riƙa ɗebe kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako a zuba sabo. Wanda ba na so shi ne rufaffen matacin nan mai kama da tukunya da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Yana da ƙarfi, amma buɗe shi aiki ne, saboda haka mutum yakan yi ta ɗage wankinsa, ya zama rumbun naitiret. Mafi muni, in wuta ta ɗauke, oksijin ɗin da ke cikinsa ya ƙare cikin 'yan sa'o'i, baktiriya su fara mutuwa, wuta na dawowa ya amayo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki.

In an kawo shi Batsari

Wannan duka amsa ce ga wanda ke zaune inda abubuwa suka wadata. Mu duba namu halin. Daga Batsari zuwa teku ya fi kilomita 700. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma ba gishirin miya kaɗai ba ne. Akwai sinadarai da dama da murjani ke gina gida da su, don haka sai an sayo haɗaɗɗen gishiri daga waje, a dama shi da ruwan da aka tace da na'ura ta musamman. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba zai yi ba.

Murjani yana son zafi tsakanin digiri 24 da 27. In ruwa ya haura 30 ya daɗe a haka, sai ya kori gansakukar da ke jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. A bazara, musamman watan Afrilu, zafin iska a ƙasar Katsina yakan wuce digiri 40. Ke nan sai an sa injin sanyaya ruwa, shi ma yana son wutar da ba ta yankewa. Da hunturu kuma ga wata matsalar: iska ta bushe, ruwa yana tashi, gishiri kuwa ba ya tashi. Tanki mai lita 40 in ya rasa lita ɗaya tak, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 36. In aka tafi hutun mako biyu ba mai ƙara ruwa, sai dai a dawo a yi jana'iza. Jama'a sukan ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi. Akasin haka ne, domin kowane kuskure a cikinsa nan da nan yake bayyana.

Saboda haka na ce wa malamin kada ya zuba kuɗin makaranta a wannan. Na san abin bai yi wa ɗalibansa daɗi ba. Amma ilmin da ke cikin tankin murjani, kusan dukkansa ana iya ganinsa a tankin karfasa, kuma shi wannan yana da amfani a gida. Hare-haren 'yan bindiga a kewayen Dajin Rugu sun raba mutane da yawa na Batsari da Safana da gonakinsu na nesa a shekarun nan, kuma sana'ar da za a iya yi a tsakar gida, irin kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na roba, ta ƙara daraja. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa za ta shaƙe. Wannan baiwa ita ke yaudarar masu kiwo. Ƙarancin oksijin ba ya kashe ta da wuri, amma amoniya tana hana ta cin abinci da girma, mai ita yana ta zuba tsaba yana mamakin abin da ya sa ba ta ƙiba.

Matacin da za a haɗa da hannu

A sami bokitin roba, a huda ƙasansa. A shimfiɗa tsakuwa wankakkiya, a bi ta da tsingaro, wato fasassun tukwanen ƙasa da aka farfasa kamar girman goro. Tsingaro yana da ƙananan ramuka, shi ya sa randa ke tsattsafo da ruwa, kuma baktiriya na samun mazauni a jikinsa fiye da a kan tsakuwa mai santsi. A saman duka a ɗora soson katifa. A ajiye bokitin a bisa tanki, ƙaramin famfo ya riƙa ɗaga ruwa yana zubawa a kan soson, ruwan ya tsiyaye ya koma. Da yake bokitin a buɗe yake, iska na ratsa shi, ko wuta ta ɗauke baktiriya za su jure muddin tsingaron bai bushe ba. A riƙa ɗiban ruwan tankin da kofi ana yayyafa masa. Famfo ƙarami mai aiki da hasken rana da batir ya isa wannan aiki.

Kada a sa kifi tukuna. A riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum a cikin ruwan ya ruɓe, baktiriya su sami abin ci. In akwai wanda ke da tsohon tanki mai lafiya, a roƙi ɗan tsakuwarsa a zuba, lokacin zai ragu. Bayan mako huɗu zuwa shida a sa kifi biyar, ba ashirin ba, sai a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Soso ana wanke shi duk mako. Tsingaro kuwa ba a taɓa shi sai ya toshe, in kuma za a ɗauraye shi, da ruwan tankin za a yi. Ban da sabulu, ban da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, domin an zuba shi ne musamman don ya kashe baktiriya, kuma ba ya tantance na kirki da na banza.

Aikin baktiriyan nan yana sa ruwa ya riƙa tsami a hankali, in kuwa ya yi tsami da yawa su ma sai su yi sanyi. 'Yan ɓawon dodon-koɗi a cikin bokitin suna maganin wannan. Idan aka ga kifi na haki a sama a makonnin farko, a rage abinci, a sauya sulusin ruwan, a zuba gishiri kamar giram ɗaya a kowace lita, domin gishiri yana tare wa naitirait hanyar shiga jini. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa naitirait bai cika damun kifin teku ba. Naitiret kuwa, tun da bokitinmu ba shi da lungun da oksijin ba ya kaiwa, sai dai a rage shi da sauyin ruwa kowane mako. Ruwan da aka ɗebe kada a zubar a kwata, a kai shi gindin zogale ko alayyafon lambun makaranta, in dai ba makon da aka sa gishiri ba ne.

Makarantar da ta iya sayen 'yan kwalaben awon amoniya da naitirait da naitiret, waɗanda ake samu a wajen masu sayar da kayan kiwon kifi a manyan garuruwa, ta sa ɗalibai su riƙa awo duk bayan kwana biyu tun daga ranar farko, suna zanawa a takardar jadawali. Za su ga amoniya ta hau ta sauko, naitirait ya biyo ta ya hau ya sauko, sannan naitiret ya fara hawa ba saukowa. Ranar da biyun farko suka koma sifiri, ranar ce za a aika Zobe a karɓo karfasa.